Kafin ku rubuta y = mx + c a allo

Malamai masu koyar da aljebra a kwalejin ilimi, ku fara da kuɗi, harafi ya biyo baya.

Mai markaɗe na biyan hayar inji ₦2,000 kullum. Yana karɓar ₦300 kan kowane kwano, fetur na cin ₦100 a ciki.
Ku sa ɗalibai su lissafa kwano 5, 10 da 15: asarar ₦1,000, ba riba ba asara, sai ribar ₦1,000.
Daga nan ne za ku rubuta y = 200x − 2,000, inda x yake nufin yawan kwano, y kuma riba ko asara.

Yanzu sun san 200 ribar kwano ɗaya ce, ba hadda ba, kuma haka za su koya wa yara gobe.

Amma a kula: in ana yi wa mai kawo da yawa ragi, layin lissafin a kan giraf ba zai miƙe ba. Kuma x ba ya sauka ƙasa da sifili, ku faɗa musu tun farko.