Kukan Robar Ƙofar Mota: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyara Shi

Motar da robar ƙofarta ke kuka ba ta tsayar da kowa a hanya, amma tana iya hana direba sukuni tun daga Kano har Abuja. A kan kwalta mai santsi shiru kake ji. Da zarar ka sauka kan gargada, ko ka hau tudun rage gudu a karkace, sai ƙi-ƙi-ƙi ya taso daidai kunnenka. Gyaran wannan matsala na cikin mafi arha a jikin mota, sai dai yawancin masu mota da kansu suke mayar da ita babba, domin abin da hannu ya fara kaiwa gare shi a gida ko a gareji shi ne wanda ya fi cutar da robar.

Kafin a zo kan kurakuran, yana da kyau a san daga ina ƙarar take fitowa. Jikin mota ba sandararre ba ne. Duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami, gangar jikin tana ɗan murɗawa, ƙofa kuma tana motsi a cikin gurbinta, motsin da ido ba ya gani. Robar da ke zagaye da ƙofa an yi ta ne ta zame a kan fenti ba tare da ƙara ba, shi ya sa masana'antu da yawa ke shafa mata wani siririn rufi mai santsi. Idan rufin ya cinye, ko ƙura ta manne a tsakani, sai robar ta riƙa kama fenti tana saki, tana kamawa tana saki, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Irin ƙarar da yatsa ke yi ke nan idan ka goga shi a kan farantin tangaran da aka wanke tas. Saboda haka abu biyu ne ke haɗuwa su yi kukan, roba da fenti, kuma duk gyaran da ya manta da ɗayansu ba zai daɗe ba.

Kuskuren farko shi ne ɗora wa roba laifi ba tare da bincike ba. Ƙofa tana da wurare da dama da ke iya ƙara: hinji, ƙarfen da ke riƙe ƙofa kada ta buɗe fiye da kima, sakatar kulle da ƙarfen da take kamawa a jikin mota, da kuma murfin ƙofa na ciki idan maɓallansa sun karye. Idan ƙarar tana fitowa lokacin buɗewa da rufewa, hinji ne ko wancan ƙarfen riƙo, kuma giris ne maganinsu. Idan kuwa sai mota na tafiya ake ji, to ka jiƙa tsumma da ruwa zalla ka goge robar, ka fita gwaji nan take. In kukan ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya dawo bayan ruwan ya bushe, ka kama mai laifi. In bai ɗauke ba, ka naɗa salatif ɗin wuta zagaye biyu a kan ƙarfen da sakata ke kamawa ka sake gwadawa. Ƙarar da ta mutu da salatif ba ta roba ba ce. Haka nan wanda ke zaune kusa da ƙofar zai iya jawo ta ciki da hannu yayin tafiya, a ji ko sautin ya canza.

Sai babban kuskuren, wanda ya kashe robobi da yawa: shafa man da aka samo daga ɗanyen mai. Baƙin mai, man juye, giris na yau da kullum, kananzir, dizal, har da basilin na shafawa, duk gida ɗaya suka fito. Yawancin robobin ƙofar motocin zamani da wani nau'in roba ake yin su mai suna EPDM. An zaɓe shi ne domin yana jure rana, ruwa da iska na tsawon shekaru, amma rauninsa ɗaya sananne ne ga duk masu sarrafa roba: yana shan man fetur da danginsa, ya kumbura, ya yi laushi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne a ranar farko maganin yana aiki. Ka shafa baƙin mai, kuka ya ɗauke, ka yi wa bakanike godiya. A hankali robar take shanye man, ta fara danƙo, ta yi tsawo fiye da gurbinta har ta riƙa zamewa a kusurwa, ƙofa ta fara buƙatar a buga ta da ƙarfi kafin ta rufu. Daga nan sai baƙi ya fara bin farar riga duk lokacin da aka shiga mota. Robar da ta kai wannan matsayi ba ta komawa yadda take.

Basilin ya fi sauran yaudara domin yana da tsabta a ido, kuma ana ganin abin da ake shafa wa jariri ba zai cutar da mota ba. Ɓarnarsa ta fi tafiya a hankali, gaskiya ne, amma yana da aibi na biyu da ya fi damun mu a nan: ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke sauke hazo a kan komai, duk abu mai maiƙo da ka shafa a bakin ƙofa zai zama laka mai yashi cikin kwanaki kaɗan. Wannan lakar ce za ta riƙa gurzar fenti duk lokacin da ƙofa ta motsa, har ka ga wani dusasshen layi ya fito a inda robar ke taɓawa.

WD-40 ɗin da aka saba gani, mai gwangwani shuɗi da rawaya, shi ma akwai sinadaran man fetur a cikinsa. Aikinsa kwance noti mai tsatsa da korar danshi, ba ciyar da roba ba. Kamfanin yana da wani feshi daban na silikon, kuma an rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin gwangwanin. A duba rubutu, kada a tsaya ga sunan kamfani.

Man birki labarinsa daban ne, kuma ya kamata a faɗi gaskiyarsa. Wasu masu wankin mota suna shafa shi a taya da robobi don su yi baƙi wuluk. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 ba ya kumbura EPDM, hasali ma da irin wannan robar ake yin robobin cikin birki. Amma yana cin fenti. Robar ƙofa kuwa a manne take da fenti dare da rana, don haka ka tsirar da roba ka lalata fentin da gyaransa ya ninka kuɗinta.

To, me za a shafa? Silikon, ko dai na feshi ko mai kauri kamar giris. Ba ya shiga jikin EPDM, ba ya narkewa ya zube a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40, ruwa kuma ba ya wanke shi da sauƙi. Kamfanin Honda yana sayar da giris ɗin silikon na Shin-Etsu domin irin wannan aiki, a Jamus kuma akwai wani mai da ake kira Gummi Pflege, mai soso a bakin kwalba, da aka yi musamman don robar ƙofa. Akwai kuma man Krytox, mai tsada sosai, wanda ake amfani da shi a robobin motoci masu buɗaɗɗen rufi. Mai Corolla ko Golf ba ya buƙatar kai wa nan. Silikon na feshi da aka rubuta cewa ya dace da roba ya wadatar. Amma a yi hattara wajen saye. Idan ka shiga shagon kayan gyara ka ce a ba ka silikon kawai, mai yiwuwa a miƙo maka gam ɗin da ake liƙe gasket da shi, wanda ke daskarewa. Wancan gam ne, idan ka shafa shi ka rufe ƙofa, robar za ta manne da fenti ta yage gobe da safe. Ka ce na santsi kake so, wanda ba ya bushewa.

Gilisarin da ake sayarwa a kemis, wanda mata ke haɗawa da man shafawa lokacin sanyi, ba ya cutar da roba kuma yana kashe kuka. Sai dai ruwa na narkar da shi, wanki ɗaya ya tafi da shi, kuma yana ɗan kama ƙura. Hodar jarirai ma haka, tana aiki na kwanaki. A ɗauke su a matsayin maganin wucin gadi.

Ko da silikon ɗin kirki a hannu, mutane da yawa suna faɗawa kuskure na gaba, wato shafawa a kan datti. A nan ne aikin yake, kuma a ganina wanki ya ɗauki kaso mafi girma na gyaran. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wankin mota, ko sabulu mai sauƙi, sai tsumma mai laushi. Ka bi robar daga sama har ƙasa, ka ɗaga leɓenta ka shiga cikin lungun da tsohon buroshin haƙori, domin a can yashi ke kwanciya. Tsumman zai yi baƙi. Ka sauya gefe ka ci gaba har ya rage fitowa da baƙin. Omo mai ƙarfi, fetur da sinadarin wanke inji ba su da gurbi a nan. Soson ƙarfe ko soson wanke tukunya kuwa zai kankare ragowar rufin santsin da masana'anta ta shafa, ka ƙara wa kanka matsala.

Sannan ka juya ga ɗaya ɓangaren da kusan kowa ke mantawa da shi: fentin da robar ke zama a kai. Buɗe ƙofa ka duba, za ka ga wani layi mai duhu ya zagaye gurbin, haɗin ƙura da gogaggiyar roba da tsohon mai. Idan ka tsabtace roba ka bar wannan layin, kukan zai dawo ba da daɗewa ba. Ka wanke shi da sabulu, in ya ƙi fita ka ɗan jiƙa tsumma da sifirit na kemis ka goge, sannan ka shafa ɗan man goge fenti irin wanda ake sa wa jikin mota ya yi sheƙi. Wasu motocin suna da roba biyu, ɗaya a jikin ƙofa ɗaya a jikin mota, wasu har da ta uku a saman rufi. Duka za a bi.

Bayan komai ya bushe sarai, sai silikon. Kada ka fesa kai tsaye a kan mota. Ka fesa a tsumma, nesa da motar, sannan ka goga. Feshin da ya tashi ya sauka a gilashi yana barin maiƙon da waifa ba ta iya sharewa, ka ga fitilu suna watsuwa a idonka da dare. In ya sauka a sitiyari ko kan feda kuwa haɗari ne. Masu fenti ma sun tsani silikon, domin sabon fenti ba ya kwanciya a inda ya taɓa, sai ya yi ɗigo-ɗigon ramuka. Idan kana da niyyar sake fenti nan kusa, ka jira a gama, ko aƙalla ka sanar da mai fentin.

Kuma kaɗan ake shafawa. Robar ta yi duhu da ɗan sheƙi, ba ta yi naso ba. Ka bar ƙofofin a buɗe kamar minti goma zuwa sha biyar a inuwa, ka dawo da busasshen tsumma ka ɗauke rarar. Idan ka taɓa ka ga yatsanka ya jiƙe, ya yi yawa. A yankinmu, yin wannan kafin shigowar hunturu da kuma kafin damina ya isa ga yawancin motoci, sai dai wanda ke yawan bin hanyar da ba kwalta ya riƙa goge robar da jiƙaƙƙen tsumma duk ranar wanki.

Robar da gilashi ke hawa da sauka a cikinta daban take. Cikinta yana da wani laushi kamar gashi-gashi, kuma giris yana daƙile shi, ya tara yashin da zai karce gilashi. Buroshi da ruwa, sai ɗan feshin silikon na santsi wanda ba ya barin maiƙo.

Akwai lokacin da laifin ba na roba ba ne, ba kuma na datti ba, ƙofar ce ba ta zauna daidai ba. Wannan ya zama ruwan dare a motocin da aka taɓa bugewa aka gyara, da tsofaffin 'yan Kwatano da hinjinsu ya saki. Gwajin yana da sauƙi: ka sa takarda a bakin ƙofa ka rufe a kanta, ka ja. Ya kamata ka ji tana ɗan turjewa. Ka maimaita a sama, a gefe da ƙasa. Inda ta zare ba turjiya, robar ba ta matsuwa a wurin. Inda ta ƙi fita sam, ta matsu fiye da kima. Ƙarfen da sakata ke kamawa yana da noti biyu, kuma a motoci da yawa ana iya matsar da shi kaɗan ciki ko waje. Kuskuren shi ne a tura shi ciki da yawa da sunan ƙofa ta kama gam. Robar za ta baje ta rasa tsalle, sakata ta wahala, iska da ruwa su fara shiga daga baya. Kafin a kwance, a zagaye wurin da alƙalami don a san inda yake tun farko, a riƙa matsarwa milimita ɗaya-ɗaya ana gwadawa. In ƙofar ta sunkuya har kana ɗaga ta kafin ta rufu, aikin hinji ne, a kai wa mai gyaran jikin mota.

Idan roba ta ɓalle daga gurbinta, kada a kai mata sufa-gulu. Yana bushewa ya yi tauri kamar gilashi, robar ta tsage a daidai wurin, ga farin tabo a fenti. Yawancin robobin ƙofa ba ma da gam aka kafa su ba, wasu tura su ake yi a kan bakin ƙarfe, wasu kuma ƙananan maɓallan roba ne ke riƙe su a ramuka. Maɓallin da ya karye a sauya shi. Inda ake buƙatar gam, akwai na musamman na robar ƙofa, irin wanda 3M ke yi, mai zama da laushi bayan ya bushe. Ƙananan ramukan da ke jikin robar kuma ba lalacewa ba ce, ta nan iska ke fita idan an rufe ƙofa, don haka kada a toshe su.

Robar da ta tsattsage, ta yi tauri, ko ta baje ba ta tasowa idan ka danna ka saki, babu man da zai farfaɗo da ita, sai sauyi. Wanda zai saya ta hannu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tafi da tsohuwar, ya tabbatar ta ƙofar da yake nema ce, domin ta dama da ta hagu, ta gaba da ta baya, ba lallai su zo ɗaya ba. Ya matsa ta da yatsa a wurare da dama, musamman kusurwoyi, ya ga tana dawowa, ya kuma ƙi duk wadda aka shafe da mai don ta yi kyau a ido. Wajen sakawa kada a ja ta don ta kai, domin robar da aka miƙe tana komawa daga baya ta bar giɓi a kusurwa. Sabuwar roba takan sa ƙofa ta yi ɗan taurin rufuwa na 'yan makonni kafin ta zauna, kuma wannan ba dalili ba ne na taɓa notin sakata.