Kurakuran da ake yi wa mai baƙuwar jijiya a tiyatar zuciya

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne a ɗauka jijiyoyin kowa sun bi zanen littafi. Akwai waɗanda aka haifa da ƙarin babbar jijiyar jini a hagun ƙirji, mai sauko da jini daga hannu da kai. Mutum 3 zuwa 5 cikin 1,000 ke da ita, amma a masu lalurar zuciya ta haihuwa takan kai 1 cikin 10. Yawanci cikin magudanar da ake kira koronari sainos, mai tattara jinin naman zuciya, take zubawa, ba ta damun mai ita sai ranar aiki. Idan aka tura ruwan da ke tsayar da zuciya ya kare ta lokacin tiyata ta wannan magudanar, sai ya haura cikin baƙuwar jijiyar, ya bar naman zuciya ba kariya.

Gano ta ba wuya. Likitan da ya ga magudanar ta faɗaɗa a hoton zuciya na eko, ya kaɗa ruwan gishiri ya yi kumfa, ya tura ta hannun hagu. In kumfar ta bayyana a magudanar kafin ɗakin zuciya na dama na sama, to ita ce. Wanda ya tura ta hannun dama ba zai gano ta ba.

A wasu kuma, ɗakin zuciya na hagu jijiyar ke zubawa. Ɗigon iska a robar ƙarin ruwa ta hannun hagu na iya wucewa har ƙwaƙwalwa, don haka a sa kanula a dama.

Sai jijiyar da ke kai jini hannun dama mai bi ta bayan maƙoshi, wadda aka fi gani a yara masu lalurar Down. Na'urar hoto da ake zurawa ta baki takan danne ta, awon jini a hannun dama ya faɗi, a zaci mara lafiya ne ya rikice. A auna a hannun hagu kafin a yi gaggawar magani.

A gyaran lalurar Fallot, wata lalurar zuciya ta haihuwa, kusan yaro 1 cikin 20 jijiyar da ke ciyar da zuciyarsa na gitta daidai inda wuƙa za ta bi. A nemo ta a hoto tun ba a buɗe ƙirji ba.

Iyaye ma, ku zo da duk tsofaffin hotuna, kuma in abinci na sarƙe yaro ko numfashinsa na fitar da ƙara, ku faɗa ko ba a tambaya ba.