Cunkoson Kasuwa Ba Shi Ne Arzikin Yanki Ba: Kurakuran da 'Yan Kasuwarmu Suka Fi Yi

Wanda ya shiga Kantin Kwari da hantsi, ya ga 'yan dako na kutsawa da dilolin atamfa a ka, zai rantse kuɗin duniya a Kano suke kwana. Nan kuskuren farko yake: auna arzikin yanki da cikar kasuwa. Mafi yawan yadin da ke rumfunan nan daga China ake shigo da shi. Kuɗin da mutumin Maraɗi ko na Chadi ya biya, kaso mafi tsoka dala ake canzawa ya bar ƙasar, mu a bar mu da ribar saye da sayarwa. Lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki, kafin babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, kuɗin turmi ɗaya sai ya ratsa hannun manomin auduga a Funtuwa, da mai gurza, da ma'aikacin masaƙa, da matar da ke sayar masa da shinkafa da wake a bakin ƙofa. Ɗan kasuwa ɗaya ba zai ta da masaƙa ba, amma zai iya duba rumfarsa ya ƙirga abin da aka yi a gida. Idan kana sayar da kayan makaranta, ba telolin unguwarku ɗinkin, ko da ribar ta ɗan ragu a farko.

Haka muke sakin kayanmu ɗanye. Riɗi da zoɓorodo na fita daga kasuwar Dawanau ta Kano buhu-buhu zuwa ƙasashen waje. Fatar da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa tana tafiya Italiya, ta dawo takalmin da ɗan majemin ba zai iya saye ba. Gyaran ba sai da katafaren kamfani ba. Ƙara mataki ɗaya kan abin da kake yi: tace, niƙa, matse mai, ƙulla a leda mai sunanka. Kowane mataki aikin mutum ne da zai kashe albashinsa a garinku.

Sai kwaikwayo. Wani ya kafa laimar POS ya samu, kafin wata uku laima bakwai sun jeru a layin, ana rabon kwastoman da ba su ƙaru ba. Kafin ka zuba jari, tambayi masu sana'ar da ke kusa da kai abin da suke wahalar samu. Masu ɗinkin takalmi goma ba sa buƙatar na sha ɗaya kamar yadda suke buƙatar mai kawo musu gam, soli da kwali.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kasuwancin da ke mutuwa tare da mai shi. A unguwarmu akwai wani Alhaji mai injin casar shinkafa, magidanta da dama a ƙarƙashinsa suke ci. Aljihu ɗaya yake da shi: kuɗin cefane, kuɗin gas ɗin inji, gudummawar biki, duk nan. Bashin da yake bin mutane a kansa yake, ba littafi. Da Allah ya karɓi abinsa, ba wanda ya san jari nawa ne. Aka sayar da injin aka raba gado, ma'aikatan suka watse, manoman da ke kawo masa shanshera suka koma wani gari. Yau rumfar a kulle take.

Wannan asara ta unguwa ce gaba ɗaya, kuma maganinta ba tsada. Sayi littafi ka rubuta shiga da fita kullum kafin ka rufe. Yanka wa kanka albashi, ka buɗe wa sana'ar asusunta daban. Yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin kamfani, don magada su iya gadar hannun jari injin kuma ya ci gaba da aiki, idan sun amince. Banki ma sai ya ga lissafi yake sauraron ka.

Yaron shagonka kuma, kada ka riƙe shi shekara goma sha biyar yana miƙo kaya. Nuna masa inda kake sari, ka koya masa lissafi, ku yanke lokacin sallama tun ranar da mahaifinsa ya kawo maka shi.