Yadda Ake Tsara Tambaya Kafin a Tura wa Manhajar AI

Kafin ka buɗe ChatGPT ko Gemini, wato manhajojin AI (ƙirƙirarriyar basira) masu amsa tambayar da ka rubuta musu, ɗauki takarda da biro ka rubuta abin da kake nema a jimla ɗaya. Idan jimlar ta ƙi fitowa, to tunaninka ne bai nuna ba tukuna, kuma a nan nake so ka daɗe. Manhajar tana gina amsarta ne kalma bayan kalma bisa abin da ka ba ta, ba ta san abin da ke ranka ba.

Na biyu, faɗa mata ko kai waye. "Rubuta mini wasiƙa" buƙata ce marar kai. Gwada haka: "Ni ɗalibi ne, ina roƙon malamina ya ƙara mini mako guda kafin in miƙa aiki saboda rashin lafiya. Wasiƙar ta zama gajeriya, cikin ladabi."

Na uku, kada ka haɗa tambayoyi da yawa wuri guda.

Idan amsa ta zo, karanta a tsanake. Inda ta kauce, galibi wani bayani ne ka manta ba ka faɗa ba. Ƙara shi ka sake turawa. Sunaye da alƙaluma kuwa, tabbatar da su a wani wuri, domin manhajar takan ƙirƙiri abin da babu shi.