Yadda Za A Koyar Da Tarihin Sarauta Mai Cikakken Iko Da Yaƙe-yaƙen Addini Na Turai A Darasin Yamma

Malamin da ke koyar da tarihi a darasin yamma a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya san irin ɗaliban da ke zama a gabansa. Wani ya taso ne daga taya mahaifinsa sauke buhunan albasa a Mile 12, wata ta sha cunkoson motoci cikin danfo tun daga makaranta, kuma duk abin da za a yi, tsakanin La'asar da Magariba za a yi shi. Idan aka zo kan tarihin Turai daga 1500 zuwa 1715, lokacin da sarakuna suka tattare iko a hannunsu yayin da Kiristoci ke yaƙar juna, da yawa daga cikin malamai kan jero sunaye da shekaru a allo, ɗalibai su haddace, kafin mako ya zagayo sun manta. Abin da ya fi amfani shi ne a ɗora darasin a kan tambaya guda, a riƙa komawa gare ta a kowane zama: wane ne ke da ikon karɓar haraji da tara sojoji ba tare da neman yardar kowa ba, kuma me ya sa jama'a suka bar masa wannan iko?

A fara da taswira, kuma malam ya zana ta da hannunsa a allo, domin wadda ɗalibi ya ga ana zanawa ta fi zama a kansa. A nuna Faransa, da Ingila a tsibirinta, da Sifen wadda Holan ta kasance ƙarƙashinta kafin ta ɓalle, da Daular Usmaniyya daga gabas. A tsakiya kuma a bar fili mai faɗi domin ƙasashen Jamus, waɗanda ɗaruruwan ƙananan masarautu ne da birane masu cin gashin kansu, a ƙarƙashin sarkin sarakuna daga gidan Habsbag wanda manya bakwai ke zaɓa. Daga nan a ɗaure zamanin da abin da yaran suka riga suka sani: Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, sojojin Maroko sun karya Songhai a Tondibi a 1591, kuma a wannan ƙarni ne Mai Idris Alooma na Borno ya shigo da bindigogi cikin rundunarsa. Amfanin wannan shi ne ɗalibi ya san inda yake a cikin lokaci, don haka kada a daɗe a kai.

Zama na farko ya kamata ya ƙare ne a kan kuɗi. Kafin wannan zamani sarkin Turai ba shi kaɗai ke da ƙasa ba, domin manyan masu sarauta suna da ganuwarsu da dakarunsu, coci yana da filayensa da kotunansa, kuma sabon haraji sai majalisar wakilan ƙasa ta amince. Sai igwa da albarushi suka canza yaƙi: tsohuwar ganuwa ta daina tsare gari, sabuwar kuwa ginata sai mai dukiya, sojan haya kuma in ba a biya shi ba sai ya juya kan talakawa. Misalin da ke kama hankalin ɗalibai shi ne Filib na 2 na Sifen, wanda duk da jiragen ruwan da ke kawo masa azurfa daga nahiyar Amurka ya kasa biyan bashinsa a 1557 da 1575 da 1596. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa kowane sarki ke neman hanyar da zai shiga aljihun talakawansa ba tare da ya bi ta majalisa ba.

Sai a shigo da addini. A 1517 wani malamin coci na Jamus, Matin Luta, ya fitar da batutuwa 95 a garin Witinbag yana sukar sayar da takardun sassauta azabar zunubi, daga nan gardamar ta faɗaɗa zuwa ga ikon Fafaroma kansa, injin buga littattafai kuma ya watsa ta cikin hanzari. A nan akwai kuskuren da malamai masu son nuna wayewa kan yi, wato su ce addini fakewa ce kawai, siyasa ce gaskiyar lamarin. Wannan bai yi wa tarihi adalci ba, domin mutane sun yarda an ƙone su da ransu a kan abin da suka yi imani da shi. Abin da ya dace a nuna shi ne yadda rabuwar cocin ta buɗe wa sarakuna ƙofa. Hanri na 8 na Ingila ya mayar da kansa shugaban cocin ƙasarsa a 1534, sannan daga 1536 zuwa 1540 ya rushe gidajen sufaye ya ƙwace filayensu. A Jamus kuwa sulhun Ogsbag na 1555 ya bai wa kowane sarki damar zaɓa wa ƙasarsa Katolika ko tafarkin Luta, talakan da bai yarda ba sai ya tattara nasa ya nasa ya yi ƙaura. A sa ɗalibai su ja layi a ƙarƙashin abu ɗaya: mabiya Kalbin, wani malamin da shi ma ya ɓalle daga Fafaroma amma da tafarkinsa daban, ba su shiga wannan sulhu ba, kuma wannan giɓin zai dawo ya ci mutane.

Ajin Legas aji ne na gauraye. Akwai Musulmi da Kirista, akwai Katolika da waɗanda ba Katolika ba, su kansu Musulmin ba fahimtarsu ɗaya ba. Ba makawa wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe dai irin namu ne," ya fara raba wa ƙungiyoyin gida matsayi. Malam ya tare wannan cikin hikima tun kafin ya yi nisa, ya ce masa kowace rigima da asalinta, sannan ya mayar da shi ga tambayar haraji da sojoji. Idan aka bar kwatancen ya zauna, darasin tarihi ya ƙare, musu ya fara, kuma wataƙila washegari wani uba ya hana ɗansa zuwa.

Faransa ce ta cancanci mafi yawan lokaci, domin a can ne ake ganin yadda yaƙin addini ya haifi sarauta mai cikakken iko. Daga 1562 zuwa 1598 Katolika na ƙasar da Furotesta, wato Kiristocin da suka ɓalle daga Fafaroma, waɗanda a Faransa ake kira Hugeno, sun yi ta gwabzawa, kowane ɓangare da manyan gidajen sarauta a bayansa. A ranar 24 ga Agusta 1572 aka fara kisan Hugeno a Faris, kwanaki kaɗan bayan bikin auren da aka ɗaura domin sulhu, kisan ya bazu zuwa wasu garuruwa, dubban mutane suka halaka. Angon wannan biki, ɗan Hugeno, shi ne ya zama Sarki Hanri na 4, wanda ya koma Katolika a 1593 domin Faris ta karɓe shi, sannan ya fitar da dokar Nant a 1598 wadda ta bai wa Hugeno damar ibada a wasu wurare har da garuruwa masu ganuwa. Shi ma wani mai tsaurin ra'ayi ya daɓa masa wuƙa a 1610. A tambayi ɗalibai: mutumin da ya shekara talatin da shida yana ganin ana ƙone gonaki, wane irin sarki zai so? Amsar da za su bayar ita ce tushen darasin gaba ɗaya. A wannan yanayi ne masana irin su Jan Bodan suka yi ta jayayyar cewa dole iko na ƙoli ya zama ɗaya, ba a raba shi.

Wanda ya aiwatar da wannan a aikace shi ne Kadinal Rishiliyo, babban malamin cocin Katolika kuma babban wazirin Faransa daga 1624 zuwa 1642. Ya yi wa La Roshel, babban garin Hugeno, ƙawanya daga 1627 zuwa 1628 har yunwa ta sa suka miƙa wuya, sai ya karɓe musu ganuwa da makamai ya bar musu ibadarsu. Ya rushe gidajen yaƙin masu sarauta, ya ƙarfafa aikin wakilan sarki a larduna, waɗanda sarki ke naɗawa yana kuma tuɓewa. Majalisar wakilan ƙasa ta Faransa ta zauna a 1614, ba a sake kiranta ba sai a 1789. Wannan shekara biyun a rubuta su da manyan baƙi.

Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka fi gwabza shi a ƙasashen Jamus daga 1618 zuwa 1648, yana da sarƙaƙiya, kuma malamin da ya ce sai ya bi shi daki-daki zai ɓatar da ajinsa. A ba da labarin farkonsa, domin yara na son sa: a ranar 23 ga Mayu 1618 manyan Furotesta na Bohemiya suka jefo wakilai biyu na sarkinsu ɗan gidan Habsbag, Katolika, da magatakardansu ta tagar fadar Firag, kuma duk ukun suka rayu. Katolika suka ce taimakon sama ne, abokan gabarsu suka ce juji suka faɗa wa. Bayan haka a ambaci shigowar sarkin Suwidin Gustabus Adolfus a 1630, da halakar garin Magdabag a 1631 inda aka kashe mutum wajen 20,000, sai a tsaya a 1635. A wannan shekara Faransa ta Katolika, ƙarƙashin jagorancin kadinal, ta shiga yaƙin a gefen Suwidin da Holan na Furotesta, domin tsoron gidan Habsbag da ya kewaye ta ya fi ƙarfin haɗin addini. Sulhun Westfaliya na 1648 ya shigar da mabiya Kalbin, ya kuma ƙara wa sarakunan Jamus ƙarfi a kan sarkin sarakunansu.

Luwi na 14 na Faransa ya hau gado a 1643 yana ɗan shekara huɗu, kuma yana yaro ya ga tawayen manya da alƙalan Faris daga 1648 zuwa 1653, har sai da aka fitar da shi daga birnin cikin dare. Da babban wazirinsa Mazaran ya rasu a 1661 sai ya ce ba zai sake naɗa babban waziri ba. A 1682 ya mayar da fada Bersai, inda jikokin mutanen da suka yaƙi sarakuna suka koma takarar wanda zai miƙa wa sarki riga da safe, ko wanda zai riƙe masa fitilar kyandir idan zai kwanta. Ɗalibai kan yi dariya a nan, sai malam ya nuna musu cewa a bakin wannan gado ake samun muƙami da fansho da auren 'ya'ya, kuma basaraken da ke jiran kyandir ba ya lardinsa yana tara dakaru. Bishop Bosuwe ya ba abin goyon baya ta fuskar addini da cewa sarki daga Allah ya karɓi iko, kuma a gabansa kaɗai zai amsa tambaya. Daga 1681 aka fara sauke sojoji a gidajen Hugeno, su ci su sha su yi ɓarna har sai maigida ya canza addini, kuma a 1685 aka soke dokar Nant. Mutum kusan 200,000 suka gudu zuwa Holan da Ingila da sauran wurare, cikinsu da masaƙa da 'yan kasuwa da sojoji, mai mulkin Birandinbag ta Jamus kuwa ya fitar da doka a wannan shekara yana gayyatarsu. Yaran da iyayensu suka zo Legas da sana'a ba sa buƙatar dogon bayani kafin su gane abin da Faransa ta yi asara.

Kada a rufe darasin ba a kawo Ingila ba, domin in babu ita ɗalibi zai ɗauka cewa hanya ɗaya ce tilas. Cals na 1 ya yi mulki ba majalisa daga 1629 zuwa 1640, yana tara kuɗi ta hanyar harajin jiragen ruwa, amma da ya tilasta wa mutanen Sikotilan littafin addu'a irin na cocin Ingila suka yi tawaye, sai rashin kuɗin yaƙi ya sa dole ya kira majalisa. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1642, aka sare kansa a ranar 30 ga Janairu 1649. Ɗansa Jemis na 2, wanda Katolika ne, ya rasa gadon a 1688, dokar 1689 kuma ta haramta wa sarki sa haraji ko riƙe sojoji a lokacin zaman lafiya ba da yardar majalisa ba. Rigimar addini iri ɗaya, matsalar kuɗi iri ɗaya, amma a nan majalisa ba ta saki bakin jakar ba.

Akwai gyara biyu da malam zai yi kafin ya ba da aikin gida. Maganar nan da ake jingina wa Luwi cewa shi ne ƙasa ba ta da madogara a rubuce-rubucen zamaninsa, saboda haka ɗalibi ya kiyaye kafa hujja da ita. Haka kuma cikakken ikon bai kai yadda sunan ke nunawa ba: Luwi bai isa ya canza dokar gadon sarauta yadda ya so ba, masu sarauta da malaman coci sun kuɓuta daga babban harajin da talakawa ke biya, muƙamai da yawa an sayar da su har ana gadonsu, kuma da ya rasu a 1715, bayan shekara 72 a kan gado, bashi mai nauyi ya bari.

Aikin gida ya zama shafi ɗaya: a kwatanta Faransa da Ingila daga 1640 zuwa 1689, a faɗi wanda ke riƙe da haraji, da wanda ke riƙe da sojoji, da abin da aka yi da marasa rinjaye a addini. Wajen duba aikin, a ba da maki mafi yawa ga wanda ya haɗa dalili da sakamako, ko da ya kuskure shekara ɗaya ko biyu. Wanda kuwa ya kwafo daga intanet a wayarsa, a kira shi gaban allo ya nuna La Roshel da Firag a taswira, ya kuma bayyana da bakinsa dalilin da ya sa kadinal ya taimaki Furotesta a 1635.