Shawara ga masu gwada rasgulla

'Yan uwa, rasgulla, wani kayan zaƙi na mutanen Bengal da Odisha a gabashin Indiya, ba ta kyau sai cukunta, wato chhena, ya yi daidai. A tafasa madarar shanu mai maiƙo lita 1, a sauke ta ɗan huce, a zuba ruwan lemun tsami cokali 2 kaɗan-kaɗan har ta tsinke. A tace a ƙyalle, a ɗauraye tsamin, a rataye minti 30. In cukun ya bushe da yawa rasgulla za ta yi tauri, in kuma da sauran ruwa a cikinsa ta watse a tukunya. A murza da tafin hannu minti 10, a mulmula ƙananan dunƙule ba tsaga. Sukari kofi 1, ruwa kofi 4, a dafa dunƙulen a ciki a rufe minti 15 cikin faffaɗar tukunya, don suna kumbura sosai.