Yadda zaka share ƙarƙashin gida ka kori danshi

'Yan uwa mazauna Amurka, musamman jihohin kudu irin su Jojiya da Karolina ta Arewa da ta Kudu, gidajen katako da yawa akwai fili tsakanin ƙasa da daɓen gidan wanda sai da rarrafe ake shigarsa, to in ka fara jin warin ruma a falo yawanci daga can yake tasowa.

Kafin ka shiga ka sa takunkumin tace ƙura da ake kira N95 da safar hannu, ka riƙe tocila mai haske. In ka hango ruwa kwance kusa da wayar wuta kar ma ka shiga. Kashin ɓera kuma dan Allah kar ka share shi a bushe, ƙurarsa na iya ɗauke da cuta, haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9 ka fesa, ka barshi minti 5 ya jiƙu sannan ka kwashe da tishu ka ɗaure a leda.

Sai ka fitar da guntayen katako da kwali, su ke kiran gara. Duba fayif ko yana ɗiga, ka leƙa waje ka ga ko indararo na zuba a gindin bango, in haka ne ƙara masa tsawo ruwan yayi nesa.

Yanzu shimfiɗa leda mai kauri, wadda ake kira 6-mil a shago, ta rufe ƙasar kaf, kowace ta hau kan 'yar uwarta kamar inci 12 ka liƙe da tef, gefen kuma ka ɗaga shi jikin bango. Sannan ka jona na'urar tsotse danshi, ka riƙa duba awon danshin, kar ya wuce kashi 60 cikin 100.